Baƙin Ƙwan Baba Arzika

Ga ta nan, ku matso, amma ku matso a hankali, don kayan da ke cikin wannan labari masu fashewa ne.

A garin Rafin Tama akwai wata unguwa da ake kira Unguwar Tanderu, a cikinta kuma akwai wani gida da ya rage mutum biyu, Nomau da yayarsa Tabawa. Tabawa mijinta ya rasu ta dawo gida, tana suyar waina a ƙofar zaure. Nomau kuwa ya ba arba'in baya, ga gemu har da furfura, amma magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ya lanƙwasa ta. In ka ce masa ya ja bakinsa, sai ka ga ya sa yatsu yana ja. Ba mugu ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Shi dai bai taɓa yarda mutum zai faɗi wani abu yana nufin wani ba, ni kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Ubansu, Baba Arzika, shi ne na ƙarshe a garin da ya iya dafa gilashi daga yashi. Sauran masu sana'ar duk kwalaben lemo suke tsinta su narka, su yi awarwaro da duwatsun wuya. Shi kuwa nasa baƙi ne wuluk, sai ka ɗaga shi a rana ka hango ja can ciki kamar garwashi. Da ya ji ƙarfinsa ya soma ƙarewa, sai ya hura wutarsa ta ƙarshe, ya kori kowa daga rumfar tanderu ban da Nomau, suka kwana uku a ciki. Ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, ya busa ya huta, ya busa ya huta, har ya fitar da wani abu mai siffar ƙwai, girman ƙaramin tulu. Ya ɗura wani abu a ciki ta 'yar kafar da bututun ya bari, ya liƙe ta. Sannan ya dubi ɗansa.

"Nomau, numfashina yana cikin nan," in ji shi. "Abin da na gaya maka kuwa, ka kama bakinka sai ranar da ƙwan nan ya fashe."

Bai ƙara mako ba ya rasu. Tanderu ya huce, kaji suka mayar da shi wurin kwanci. Tun daga nan, ko a ina aka tayar da zancen baƙin gilashi, sai Nomau ya kai hannu ya damƙe leɓɓansa tam. Mutane suka ce wautar ce ta yi sabon reshe, suka ƙyale shi.

Bayan shekara biyu aka gina gidan tarihin gilashi a bakin kasuwa. Ɗaki ɗaya na kayan da, ɗaya na kayan zamani, sai rumfar aiki a baya. Aka zo aka roƙi Tabawa ƙwan, ta bayar, ta ce ko ba komai ya tsira daga kashin kaji. Nomau ya bi motar da ta ɗauki ƙwan da ƙafa, ya zauna a ƙofar gidan kwana takwas, ba ya roƙon kowa komai. Shugaban gidan, Malam Hambali, mutum mai son tsari da son a ce ya iya magana, ya gaji da tsallake shi, ya ce a ba shi tsumma ya riƙa share ƙura. Nomau bai nemi fiye da haka a duniya ba. A bar shi kusa da numfashin ubansa, shi ke nan.

Akwai wata 'yar taga a rufin ɗakin kayan da. Kullum da rana tsaka, lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin ƙafar mai ita, haske kan sauko ta nan ya faɗa kan ƙwan. Sai jan nan ya taso a cikinsa a hankali, sai a ji wani sauti, sss, irin na tsoho yana jan iska ta tsakanin haƙora. Nomau kan ajiye tsumma ya ce, "Sannu, Baba." Malam Hambali ya ce kwanon rufi ne ke motsi saboda zafi. Amma shekara tara, ba a taɓa ganin rana tsaka ta same shi a ɗakin nan ba.

Wata rana aka kawo sabuwar ma'aikaciya, Malama Suwaiba, wadda ta yi karatun aikin gilashi a ƙasar waje. Ta zo da kwando cike da idanun gilashi da ta ƙera, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, kowanne har da jijiyoyinsa, tana so ta rataye su a ɗakin zamani. Da hantsi Malam Hambali zai fita taro, ya tsaya a ƙofar ɗakin kayan da yana gyara hula.

"Nomau, ka sa ido a kan kowane kaya da ke ɗakin nan."

"Kowanne, ranka ya daɗe?"

"Kowanne na ce."

Nomau ya tsaya yana tunani. Shi ido biyu gare shi, kaya kuwa sun fi ɗari uku. Can ya tuna da kwandon Malama. Ya samo ƙaro ya jiƙa, ya bi kwalabe da tuluna da awarwaro da kofuna, kowanne ya manna masa ido ɗaya. Bayan azahar Malam Hambali ya dawo da baƙi, wasu malaman makaranta mata su goma sha biyu, yana gaba yana zuba bayani. Ya tura ƙofa, bayanin ya yanke. Wata ta yi salati da ƙarfi, wata ta bar takalminta ɗaya a nan har yau ba ta zo ɗauka ba. Amma abin da ya tayar wa Malam Hambali da tsikar jiki daban ne. Idanun nan duka sun karkata wuri ɗaya, suna kallon ƙwan.

"Me ya sa ka juya su can?"

"Ƙofa na sa su kalla, ranka ya daɗe, saboda ɓarayi."

Malam Hambali ya ce ƙaron ne bai bushe ba suka zame. Ya faɗa har sau biyu, alhali ba wanda ya musa masa.

Malama Suwaiba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a bar su mako guda, ai ya fi abin da ta yi niyya kyau. Labari ya bazu, jama'a suka riƙa tururuwa. Wata rana, ranar Juma'a ce, Malam Hambali ya tsaya yana kallon masu shiga da fita, ransa fari ƙal.

"Ka gani ko, Nomau? Haka ake so. A riƙa ba ido abinci."

Kunya ta kama Nomau kamar ya nutse. Kwana shida idanun nan suna aiki, ba wanda ya ba su ko loma. Ya ruga gida ya karɓo waina goma da miyar taushe wurin Tabawa, ya jira kowa ya fita, ya ajiye kwanon a tsakiyar ɗaki, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu, ya tafi masallaci. Da aka sauko suka buɗe tare da Malam Hambali. Babu waina, babu miya. An suɗe kwanon tas, an kife shi, an ɗora murfin a kan gindinsa.

"Ɓeraye ne," in ji Malam Hambali.

"To, ɓerayen sun san Baba," in ji Nomau. "Haka yake kife kwano in ya gama."

Da ya koma gida ya ba Tabawa labari. Ta zauna da cokali a hannu tana kallon tanda har wainar da ke ciki ta ƙone.

Wata rana Malama Suwaiba ta kira shi bakin taga, ta ɗaga wani tsohon dutsen wuya a haske, don ita tana da haƙurin koya wa mutum abu.

"Malam Nomau, ka ga waɗannan 'yan ƙwayoyin? Iska ce ta maƙale a ciki. Da haka ake gane aikin hannu. Duk na da, da iska a cikinsa."

Nomau ya ja da baya taku biyu. Shekara tara yana goge iskoki da tsumma, ko gaisuwa babu! Daga ranar ya tsaya a ƙofa, duk mai shiga sai ya yi sallama da ƙarfi, in ya ƙi ba ya wucewa. Ya ƙirga na cikin kowane kaya ya haddace. "Wannan iska uku gare shi. Wannan tara, kada ku nuna shi da yatsa." Sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo da tsakiyar kakarta, ta duwatsun gilashi, a wuya. Nomau ya matso, ya ƙura wa wuyan ido, leɓɓansa na motsi.

"Hajiya, ke ma kina ɗauke da goma sha bakwai. Biyu manya ne."

Hajiya ta yi ƙara ta fizge abin wuyan, zare ya tsinke, duwatsu suka watse a kan siminti. Ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai gangararsu. Suka gangara, suka gangara, suka taru a gindin teburin ƙwan kamar 'yan tsaki. Maginin ɗakin, da aka tambaye shi daga baya, ya rantse daɓen ba shi da gangare.

Duk wannan lokacin Malama Suwaiba tana da abin da ya dame ta. Tun ranar da ta ga ƙwan ta ƙudura sai ta dafa irin gilashinsa. Ta auna wannan ta auna wancan, ta karanta littattafai, abin da ke fitowa kullum toka-toka ne kamar ruwan wanki. Nomau in yana shara a rumfar ya gan ta tana awo, sai ya damƙe baki har hawaye su zubo masa.

"Haƙori ne?" ta kan tambaya.

Sai ya girgiza kai.

Wata rana ta samu wani da ya yi duhu fiye da na baya. Ta ƙera kofuna shida da shi, ta jera a tanderun lantarki da ke rage zafi kaɗan-kaɗan, don gilashi in ya huce da gaggawa fashewa yake. Kwana biyu yake bukata. Da la'asar Malam Hambali zai tafi gida, ya ce, "In za ka rufe, ka kashe duk wata wuta da ke gidan nan." Nomau ya kashe ta ofis, ya kashe ta ɗakuna, ya zo rumfa ya ga wata tana ja ta cikin kafar tanderu. Ya zare waya, ta ƙi mutuwa. Ya buɗe murfi, tana nan. Sai ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa mata, tururi ya turnuƙe rumfar har ya ƙona masa gira. Washegari Suwaiba ta zo ta tarar da aikin wata uku a jiƙe. Wunin ranar gutsattsarin ba su daina magana ba, kana zaune sai ka ji ƙas, can kuma ƙas, kamar wani na taka su da gangan. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Nomau ya tsuguna nesa da ita, baƙin ciki ya cika shi, don a gidan nan ita kaɗai ke ce masa Malam. Can ta ɗauki wani guntu ta ɗaga a rana. Babu ja a cikinsa, ko ɗigo.

"Ko ba ka kashe ba, ba shi ba ne," ta ce. "Har abada ba zan same shi ba."

Nomau ya damƙe baki da hannu biyu. Wannan karon ba ta tambaye shi haƙori ba. Ta dai daɗe tana kallonsa.

Wata rana takarda ta zo daga hukumar da ke kula da gidan. Malam Hambali ya karanta a tsaye a ɗakin kayan da. Za a kai ƙwan babban birni, a ajiye shi a babban gidan tarihi, ba zai dawo ba. Ɗakin kuma za a kwashe shi a mayar da shi zauren taro. Motar za ta zo ranar Alhamis. Suwaiba ta ce wannan zalunci ne ga mutanen unguwa.

"To ya za a yi, Malama?" in ji Malam Hambali yana ninke takardar. "Mu daina yaudarar kanmu. Sana'ar nan ta mutu."

Zancen tafiyar ƙwan ya yi wa Nomau zafi. Amma ya ji an ce sana'a ta mutu, kuma mamaci ba ya jira. Ya kwaso fararen yadin da ake rufe kaya da su. Ya sauko da zugazugin Baba Arzika daga bango, da bututun ƙarfe, da awartaki, da kaskon narki, da sauran kayan aikinsa, ya wanke kowanne sau uku, ya naɗe, ya ɗaure kai da ƙafa, ya jera su a tsakar ɗaki suna fuskantar gabas. Sannan ya bi Unguwar Tanderu gida-gida yana sanarwa an yi rasuwa, jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Kafin lokacin tsofaffi sun cika harabar, har da liman da sandarsa. Suka shiga suka ga gawa bakwai a jere, wasu dogaye, wasu gajeru kamar na jarirai.

"Innalillahi! Nomau, su wa suka rasu?" in ji liman.

"Sana'a ce, Allah gafarta Malam. Shugaba ne ya faɗa."

Wani ya fara dariya, dariyar ta maƙale. Wani tsoho da ya yi zuga tun yana ɗan shekara bakwai ya durƙusa ya buɗe fuskar gawa ta farko, ya ga zugazugin da ya san ɗinkin kowace fatarsa. Ya rufe, ya fashe da kuka irin na gaske. Sauran kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Suna nan tsaye rana ta kai tsaka, haske ya sauko, ƙwan ya yi ja, ya ja numfashinsa a gaban mutum arba'in. Liman bai yi sallar ba, amma ya yi addu'a. Malam Hambali, da ya ga an mayar masa da wurin aiki gidan makoki, ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ranar Alhamis ƙwai zai tafi, Nomau ma ya ajiye tsumma ya kama gabansa.

Kwana biyun da suka rage Nomau bai ci abin kirki ba. Ya tambayi Tabawa nisan babban birni a ƙafa. Ta ce ko ya je ba za a bar shi ya zauna a ƙofa ba, can masu bindiga ke gadi. Ya ce to wa zai riƙa amsa wa Baba in ya yi numfashi? Ta juya masa baya tana goge ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, motar ta makara, ba ta iso ba sai gab da rana tsaka. Mutum biyu suka shigo da akwatin katako cike da soso. Mutanen unguwa sun zo sallama, Tabawa ma ta rufe tandarta ta zo. Malam Hambali, da ba yadda zai yi, ya tsaya a ɗakin a lokacin da ya shekara tara yana gudu, sai gumi yake yana duba agogo. Nomau na tsaye jikin teburin. Suwaiba ta matso kusa da shi, ta yi magana a hankali.

"Malam Nomau, kai kaɗai ka kwana uku da Baba Arzika a rumfa. Don Allah, me ya zuba a kaskon?"

Nomau ya damƙe baki. Hawaye suka bi ta kan yatsunsa. Ta sake roƙo, ya ƙara damƙewa. Masu akwati suka ce su fa suna da nisa. Haske ya soma saukowa bango. Malam Hambali, da zafi da tsoro suka haɗe masa, ya daka tsawa.

"Kai Nomau, ka ishe mu! Shekara da shekaru kana kama baki kamar mai ciwon hangum. In akwai abin da ka sani, ka fasa ƙwan kowa ya huta!"

Nomau ya sauke hannu a hankali.

"In fasa, ranka ya daɗe?"

"Fasa mana!"

"Numfashin Baba ne a ciki."

"Na ce ka fasa, a gaban kowa!"

Magana zarar bunu ce. Nomau ya rungumi ƙwan kamar yadda ake ɗaukar jariri, daidai lokacin da jan ya taso a cikinsa. Ya manna goshinsa a jiki ya ce, "Sannu, Baba. Ka yafe ni, an ce in fasa." Ya ɗaga shi sama ya sake.

Ƙarar ba ta kai yadda aka zata ba. Wani irin tus ne mai nauyi, sannan ɓaraguzai suka bazu. Wani jan yashi, cikin tafi biyu, ya zube a kan siminti yana sss, sautin nan dai da aka saba ji. Sai wani wari ya tashi, na hayaƙin ƙirya da kanwa, wanda duk tsohon da ke wurin ya san rigar da ke ɗauke da shi. Nomau ya ja dogon numfashi, ya yi tari sau biyu, busasshen tari mai ƙugi a ƙarshe. Tabawa ta dafe bango, don shekara goma sha ɗaya rabonta da jin wannan tarin.

"Saurara da kyau, Nomau, ba zan maimaita ba."

Bakin Nomau ne ke motsi, amma muryar ta tsoho ce, da jan kalmominta da inda take hutawa. Yadda aka zuba masa maganar haka ya ajiye ta, har tarin bai zubar ba.

"Yashi irin wannan da zan ɗura a ciki, na ƙarƙashin gaɓar rafi inda kukar nan ta faɗi. Ba na sama ba, ka haƙa har gwiwa. Ƙwarya bakwai. Jar kanwa ƙwarya biyu, a daka a tankaɗe. Tokar karan gero ɗaya. Kashin maƙera cikin tafi uku, na tsohuwar maƙera, ba na sabuwa ba. Itacen ƙirya kaɗai, kwana uku, kada zuga ta tsaya ko don sallah, a riƙa karɓar juna."

Suwaiba ta lalubo alƙalami, ta rasa takarda, ta hau rubutu a bayan hannunta. Muryar ta ci gaba, ta faɗi yadda ake gina kasko, da ranar da ake kwashe kumfa, da abin da ake yi in wuta ta yi fari. Ta yi tari, ta ce, "Miƙo min ruwan nan," ta ɗan yi shiru na tsawon shan ruwa, sannan ta ɗora.

"Ba don ka fi kowa hankali na ba ka ba. Mai wayo zai ƙara, ko ya rage, ko ya kai kasuwa. Kai kuwa yadda aka ba ka haka za ka miƙa. Muddin ƙwan nan na nan, kallonsa za su yi ta yi suna yabona. Sai sun rasa shi za su nemi yadda ake yi. Nunar gilashi kuwa ba a faɗinta da baki, ido ke gani. Ka ce wa Tabawa na san tana leƙe ta kafar zana tun tana yarinya, kuma ta fi duk mazan da na koyar idon wuta. Na hana ta don ita mace ce. Ban kyauta ba. Ita za ta ce a sauke."

Tabawa ta sulale ta zauna a ƙasa cikin ɓaraguzan, ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izarsa. Nomau ya ƙifta ido, ya dubi jama'a, ya ce da muryarsa ta kullum, "Shi ke nan. Daga nan sai ya ce in kashe masa sauro."

Masu akwati suka koma da akwatinsu fayau. Abin da Malam Hambali ya rubuta wa hukuma ban sani ba, na dai san ya kwana uku yana rubutawa yana yagewa, kuma ba a mayar da ɗakin zauren taro ba. Aka kwance gawa bakwai daga likkafaninsu, aka kori kaji daga tanderu, tsofaffi suka karɓi zuga bi da bi. A rana ta uku Tabawa ta leƙa kasko, ta daɗe tana kallo, ta ce a ƙara kaɗan. Can ta ce, "Sauke." Suwaiba ta ɗebo ɗigo a bakin ƙarfe, ya huce, ta ɗaga a rana. Baƙi wuluk, da ja a can ciki.

Kowa na murna ban da Nomau. Yana zaune a gefen rumfa, ya rame, tsumma a kan gwiwa. Rana tsaka ta yi, ya karkata kunne, ba abin da ya ji.

"Yaya," ya ce, "numfashin Baba da ya fita, ina ya tafi?"

Tabawa ta goge gumi ta dube shi da tausayi. "Kai ka fi kowa kusa, auta. Ai kai ka shaƙe shi. Yana cikinka."

Ba ta rufe baki ba ta gane kuskurenta. Nomau ya zaro ido, ya cika ƙirji, ya toshe hanci da baki. Aka yi roƙo, aka yi tsawa, Malam Hambali har da "don girman Allah". Fuskarsa ta kumbura, jijiyoyin wuya suka miƙe, ya fara layi, amma ya ƙi saki. Sau ɗaya ya bar numfashin nan ya zube a ƙasa, ba zai sake ba. Sai Tabawa ta fizgi bututun ubansu, ta tsoma a kasko, ta naɗo narkakken gilashi yana ɗiga, ta kai ɗaya bakin ga leɓɓan ƙanenta.

"Ba zubarwa za ka yi ba," ta ce. "Mayar da shi ɗakinsa. A hankali, yadda ka ga yana yi."

Nomau ya busa ya huta, ya busa ya huta. Bai taɓa riƙe bututu ba, amma ya taɓa gani sau ɗaya, shi kuwa ba ya ƙari ba ya ragi. Ƙwan da ya fito ya ɗan karkace ta gefe guda, bai kai na farko girma ba. Tabawa ta liƙe kafar da hannunta.

Yana nan a kan teburin har yanzu, ƙarƙashin 'yar tagar rufi, kuma ba a ɗura masa yashi ko ƙwaya ɗaya ba. Suwaiba ta ce saboda haka ba yadda za a yi ya yi sauti. Kullum da rana tsaka Nomau kan ajiye tsumma ya ce, "Sannu, Baba," ya ɗan saurara, ya gyaɗa kai. Malam Hambali kuwa ya koma zaman ofis a wannan lokacin.

Ƙurunƙus. Wanda ya zo ba takalmi ya duba inda zai taka in zai tashi.